Lalurar Ƙafa

Duk wanda ya saba bin layin shagunan da ke bayan tashar mota ya san Mai Kitso, ko da bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskarta ba. Da tafiyarta aka san ta. Shan inna ya taɓa ta tun tana rarrafe, ƙafar hagu ta tsaya a hanya, ta dama ta ci gaba da girma abinta. Shi ya sa take sa baƙin takalmi mai tudu a hagu, in ta taho kan simintin barandar shagunan sai ka ji ƙwas, dum, ƙwas, dum. Mai walda da ke farkon layin yakan ce shi ba ya bukatar agogo, da ya ji wannan sautin ya san gari ya waye.

Shagonta ne na ƙarshe. Madubi ɗaya ne a ciki, da kujerun roba, da bahon wanke kai, da wata tsohuwar na'urar busar da gashi wadda ba ta tashi sai an ɗan mare ta a gefe. Da wannan shagon take riƙe kanta, take riƙe mahaifiyarta da ke kwance a gida. Ba ta da wani abin bayan shi.

Shagunan kuwa gaba ɗaya na mace ɗaya ne, wadda ake kira Uwar Layi. Babu wanda ta taɓa yin takarda da shi, magana ce ta baka, kuma bakin nata ne. Ta taɓa korar wani mai gyaran waya don ya gaishe ta a tsaye. Tana da ɗa guda, ya doshi arba'in amma har yau Shalele ake ce masa, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Bai taɓa ɗaga abin da ya fi makullin mota nauyi ba sai ranar da ya ɗaga ƙarfen kwance taya.

Da sassafe ne abin ya faru. Shalele ya gindaya motarsa a ƙarshen layin, daf da shagon Mai Kitso, motar kwasar shara ta rasa hanya. Baba Maigadi, tsohon da ke gadin shagunan, ya matso da ladabinsa ya ce a ɗan ja ta gaba. Iyakar laifinsa ke nan. Mai Kitso ta riga kowa zuwa ran nan, tana ciki tana share gashin jiya, ƙofa a saye. Ta tsagar ƙofar ta ga Shalele ya buɗe bayan mota, ta ga ƙarfen ya tashi, ta ga ya sauka a kan tsohon. Baba ya rasa ido ɗaya, harshensa kuma ya karye, in ya yi magana ko 'yarsa ba ta gane rabi.

Kafin azahar duk layin ya makance. Kowa bai ga komai ba, kowa bai iso ba tukuna. Aka ce ɓarayi ne, Shalele ya ce shi yana gida yana barci. Mai Kitso ma ta ja bakinta ta yi gum, don ta san wanda ke da makullin shagonta. Sai dai Baba ne yake ɗauke mata bokitin ruwa ya haye da shi matattakalar baranda kullum, bai taɓa jiran ta roƙe shi ba. Da 'yarsa ta zo wata rana ta zauna a kujera a gyara mata kai, hawaye na zuba, sai Mai Kitso ta ji kitson ya gagare ta. Washegari ta tafi ofishin 'yan sanda na wata unguwa mai nisa ta faɗi abin da ta gani. Su suka tura ta wurin masu gabatar da ƙara.

A ofishin nan akwai wani sashe da aka ware don kula da shaidu da waɗanda aka zalunta, kuma masu hikima sun ajiye shi a can ƙololuwar bene. Na'urar hawa ta mutu, an manna mata takardar ban haƙuri wadda ita ma ta tsufa ta koɗe. Mai Kitso ta haye da ƙafa, tana hutawa a kowace kwana. A sama aka shigar da ita wani ɗaki da aka rubuta wa Ɗakin Natsuwa a ƙofa. Akwai furannin roba masu ƙura, akwai hotunan hannaye suna riƙe da juna a bango, akwai na'urar ruwan sanyi babu ruwa. Kwalin takardar share hawaye yana kan tebur, ko ledarsa ba a ɓare ba, da alama ba a son hawayen su rage shi.

Jami'ar sashen matashiya ce mai tattausar murya, irin muryar da ake koyowa a taron ƙara wa juna sani. In tana sauraron mutum sai ta karkatar da kai gefe kamar kaza ta hango shaho. Duk abin da Mai Kitso ta ce, amsar ɗaya ce: muna tare da ke. Ta ce tana tsoro, muna tare da ke. Ta ce ƙishirwa take ji, muna tare da ke. Kafin ta sauko daga benen ta riga ta raɗa mata suna a ranta, Muna-Tare.

Can sai ga lauyan da ke riƙe da ƙarar, wanda kowa ke ce wa Barista. Turarensa ya riga shi shigowa. Ya zauna a gefen tebur, waya a kowane hannu, ya shiga lissafa mata alheran da ofishinsu ya tanada. Ba za a ambaci sunanta ba, daga yau ita ce Shaida ta Biyu. Za a ɗauko ta a mota mai baƙin gilashi, a shigar da ita ta ƙofar baya. Za a kafa mata shamaki a kotu, babu mai ganin fuskarta sai alƙali. Sannan akwai wata na'ura mai sauya murya da aka kawo musu kyauta daga waje, ba a taɓa gwada ta a kan kowa ba. Da ya zo kan na'urar nan har idanunsa suka yi haske, ka ce amarya aka yi masa.

Mai Kitso ta bari ya kai aya, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, ni fa ba fuskata aka sani ba. Ƙafata aka sani."

A lokacin ne Barista ya fara duban ƙasa. Ya ga baƙin takalmin, ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce Allah sarki, ya ce wa jami'ar ta rubuta wannan, yana da muhimmanci ƙwarai. Muna-Tare ta rubuta har da ja masa layi. Hankalin Mai Kitso ya kwanta. Ta ɗauka an fahimce ta, tunda mutane ne masu digiri, kuma maganar ba ta da wata kwana.

Mahaifiyarta ba ta ɗauka haka ba. Daga kan gadonta ta ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, su masu ofis in an tashi aiki gidajensu za su tafi, ita kuwa layin za ta koma. Mai Kitso ta ce an yi mata alkawari. Tsohuwar ta juya fuska bango ta ce alkawarin mai takalmin ƙwalisa bai san ƙaya ba.

Aka yi ta ɗage shari'ar kamar yadda aka saba. Labari ya cika layin cewa akwai wani ɓoyayyen shaida, kowa na kallon kowa a kaikaice. Muna-Tare kuma ta ɗauki ɗabi'ar kiran waya don ta ji lafiyar zuciyar shaidarta, kuma ba ta tashi kira sai tsakiyar aiki, lokacin da shago ke cike da kunnuwa. Wata rana ta kira kan Uwar Layi da kansa yana tsakanin gwiwoyin Mai Kitso, ana tsaga shi. Matar tana cikin yi wa shaidan nan tofin Allah tsine, tana cewa ta fi zargin mai walda, don idonsa bai yi mata ba. Ta rantse ko wane ne, ranar da ta gano shi sai ya bar mata layi da tsinkensa da tsummansa. Wayar na ta ruri a aljihu. Mai Kitso ta kashe ta da gwiwar hannu, ta ce masu tallan banza ne, ta ci gaba da kitso.

Ana gobe za ta ba da shaida aka kai ta ta ga ɗakin kotun, wai don kada ya zame mata baƙo. Ta ga shamakin. Kyakkyawa ne, shuɗi, mai ninkewa, ga tambarin ofishin ɓaro-ɓaro a tsakiya. Amma a kan ƙafafu yake tsaye, tsakaninsa da ƙasa akwai tazarar da kyanwa za ta wuce ba ta sunkuya ba. Ta nuna wa Muna-Tare. Jami'ar ta karkatar da kai ta ce irin wanda ake amfani da shi ke nan a ƙasashen da suka ci gaba, kuma suna tare da ita.

Mai Kitso ta gane in tana son ta tsira, ita za ta tsirar da kanta. Ta aro doguwar riga mai jan ƙasa wurin wata maƙwabciya da ta fi ta tsawo. Ta gaya wa 'yan layi za ta kai tsohuwa asibiti. Da safe, a cikin motar mai baƙin gilashi, ta tuɓe takalman ta cusa a babbar jaka, ta taka simintin ƙofar baya da ƙafa tsirara, ba ƙwas ba dum. Ta roƙa a shigar da ita tun kafin a buɗe wa jama'a, aka yarda. A bayan shamakin ta shimfiɗa jakar a ƙasa ta toshe tazarar, ta saki rigar ta rufe saura.

A nan ta tarar da wata kujera mai laushi, da ɗan ƙaramin benci mai matashi na ɗora ƙafa. Muna-Tare ta leƙo fuska cike da fara'a ta raɗa mata cewa su suka tanada, saboda maganar nan da ta yi. Mai Kitso ta dubi bencin, ta dubi jami'ar, ta ture shi can ƙurya. An gaya mata shaida a tsaye yake magana. To za ta tsaya kamar kowa. Ta kafa ƙafar dama, ta dogara da yatsun hagu, ta riƙe katakon gabanta. Ko wuni za a yi a shirye take. A karon farko tun da aka fara wannan magana ta ji ta yi wa tsoro wayo.

Aka buɗe ƙofa, ɗaki ya cika. Ba ta ganin kowa, amma mai sana'ar kitso da kunne take sanin mutane. Ta ji kacau-kacau ɗin awarwaron Uwar Layi a layin gaba. Ta ji tarin mai walda. Ta ji muryar matar da ke sayar da kayan kwalliya kusa da shagonta. Rabin layin ya rufe shago ya zo raka Shalele, don wanda bai zo ba zai yi bayani. Alƙali ya shigo, aka tashi, aka zauna, aka kira Shaida ta Biyu.

Sai Barista ya miƙe ya gyara murya. Ya fara da gajeren jawabi a kan yadda ofishinsu ke ɗaukar shaida kamar ƙwai a cokali, yana ɗan juyawa don 'yan jarida biyun da ke baya su ji da kyau. Sannan ya sassauta murya, ya sa mata tausayi.

"Ya Mai Shari'a, kafin a rantsar da ita muna da ɗan roƙo. Shaidarmu baiwar Allah ce mai lalurar ƙafa, shan inna ya taɓa ta tun tana ƙarama. Muna roƙon kotu ta yi mata izinin ba da shaida a zaune."

Alƙali ya amince, har ya yaba wa ofishin da wannan kulawa. Lauyan Shalele ya ce ba shi da ja ko kaɗan, kuma ko ta bayan shamaki ana jin murmushin da ke cikin muryarsa. Ɗakin ya yi tsit. Sai awarwaro suka yi kacau sau ɗaya, kamar an tafa hannu a cinya, wata murya da Mai Kitso ta sani sarai ta ce a hankali, "Ayyo."

Ba tsoro ne ya fara zo wa Mai Kitso ba, takaici ne. Ta tuna hawan benen nan, da aron riga, da takun da ta yi ba takalmi kamar ɓarauniya. Duk ta toshe ƙofofin da ta sani, ashe ɓarnar daga bakin mai kare ta za ta fito, kuma da sunan alheri. Garin gyaran gira an tsone ido, mai tsonewar kuma yana tsaye yana jiran a gode masa.

Aka matso mata da na'urar sauya murya don ta yi rantsuwa. Ta buɗe baki, sai ga wata murya ta fito daga lasifika kamar ƙato ya faɗa rijiya yana neman agaji. Wani a baya ya kasa riƙe dariya. Mai Kitso ta ture abin gefe ta ce a kashe shi, wuta kawai yake sha. Ta sunkuya ta ɗauke jakar daga tazarar, ta ciro takalmanta ta sa, ta ɗaure igiyar a nutse. Ba ta taɓa kujerar ba.

A tsaye ta ba da shaidar, da muryarta ta gado. Ta faɗi inda motar ta tsaya, da abin da Baba ya ce, da hannun da Shalele ya riƙe ƙarfen, da yadda ya goge shi da tsumman mota bayan ya gama. Lauyan Shalele ya yi ta zagaye, yana tambaya ko tsagar ƙofa ta isa a gane mutum. Ta ce wanda ta yi shekara da shekaru tana ganin yana zuwa karɓar makullin mota wurin uwarsa, ko ta ramin allura za ta gane shi. Bai daɗe ba ya zauna. Aka ɗage zama zuwa wani watan, Shalele ya fita abinsa tunda a kan beli yake.

A ɗakin baya Barista ya shigo yana walƙiya, ya ce ta yi ƙoƙari matuƙa, sai dai bai ji daɗin yadda ta ƙi na'urar ba, an sha wahala kafin a haɗa ta.

Ta ce, "Barista, a layin namu guragu nawa ne?"

Ya tsaya da baki a buɗe, ana ganin maganar tana neman hanyar shiga. Da ta shiga, ba ta zauna ba. Ya gyara wuyan rigarsa ya ce ai shi bai ambaci sunanta ba, duk wanda ya duba rubutun kotu zai ga Shaida ta Biyu kawai aka ce, ƙa'ida ba ta karye ba ko ɗaya. Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga mata hannu ya fita.

Muna-Tare ta ba ta robar ruwa da wata 'yar takarda mai hoton hannaye. Da Mai Kitso ta tambayi motar, sai aka ce ai ta ɗauko shaidu ce, ba ta mayarwa ba, direban ma ya tafi cin abinci. Ta fita ta babbar ƙofa ta hau bas. Tana cikin bas ɗin jami'ar ta kira, ta ce ta manta ba ta tambaya ba, ana bukata don rahoto: kujerar ta yi mata daɗin zama? Mai Kitso ta dubi wayar kamar ta ga ƙuda a miya, ta kashe.

Ta iya wucewa gida, amma ba ta wuce ba. Da la'asar ta sauka a tasha ta shiga layin, ƙwas, dum, ƙwas, dum. Yau babu wanda ya ce sannu da zuwa. Mai kayan kwalliya ta duƙufa jera kwalaben da suke a jere, kowa ya sami aikin da ke bukatar kallon ƙasa.

Tun daga nesa ta hango sabon kwaɗo a ƙofar shagonta, yana ƙyalli. Kayanta na waje a kan baranda: baho, da kujeru a kife, da na'urar busar da gashi a kwance wayarta a cikin kwata, da madubin an jingine shi da bango. Uwar Layi na zaune a gefe ta harɗe ƙafa, kanta ɗauke da kitson da Mai Kitso ta yi mata da hannunta, ko tsufa bai yi ba. Ta bar ta ta iso har gabanta, ta dube ta daga takalmi zuwa sama, sannan ta waiwaya wajen 'yan layi.

"Ku ba ta kujera mana. Ba ku ji abin da lauya ya ce ba? Tana da lalurar ƙafa."

Mai walda ne ya taso, kansa a ƙasa, ya juya ɗaya daga cikin kujerunta ya ajiye a bayanta. Mai Kitso ba ta ko waiwaya ba. Ta wuni a tsaye a gaban alƙali, ba a gaban wannan za ta zauna ba. Ta sunkuya ta rungumi madubin, ya yi mata nauyi, ta gyara shi a ƙugu. Sai ga 'yar Baba Maigadi ta ratso ta tsakiyar mutane, ta tsamo wayar na'urar daga kwata, ta naɗe, ta ɗora na'urar a ka.

Suka kama hanya, ita a gaba, 'yar Baba a baya. Layin na da tsawo, kuma shagonta ne na ƙarshe, don haka sai da ta wuce ƙofar kowa. Babu wanda ya ɗaga kai, amma babu wanda ya iya toshe kunne. Suna ji har ta sha kwanar tasha.